Majajjawar sama: yadda juyi ke haifar da hasken gamma a taurarin fulsa

Idan shinkafa ta fara nuna a fadamun Haɗejiya, yara ba su da wani aiki sai korar jan-baki. Tun duku-duku suke fita, kowa da majajjawarsa da tulin curin laka a gefe. Na sha tsayawa a bakin gona ina kallonsu, kuma abin da ke ɗaukar hankalina shi ne bambancin da ke tsakanin hannun yaron da bakin igiyar. Hannun da ƙyar yake motsi, ɗan kewaye ne kawai yake yi. Bakin igiyar kuwa, inda curin yake, gudu yake yi har yana kuka. A zagaye ɗaya suke tare, amma wanda ya fi nisa da tsakiya shi ke shan doguwar tafiya. Duk wanda ya riƙe wannan hoton a ransa ya riga ya kama rabin bayanin da ke tafe a kan wasu taurari da ake kira fulsa, da dalilin da ya sa suke fitar da gamma, irin haske mafi ƙarfi da ɗan'adam ya iya aunawa.

Fulsa gawar tauraro ce. Idan tauraron da ya ninka rana nauyi sau takwas ko fiye ya cinye makamashinsa, cikinsa yakan rufta cikin ƙasa da sakan ɗaya, ɓawonsa kuma ya tarwatse. Abin da ke saura dunƙule ne mai faɗin kilomita 20 ko ɗan sama da haka, wato bai kai nisan Kano zuwa Wudil ba, amma nauyinsa ya kusa ninki ɗaya da rabi na rana. Cokalin shayi ɗaya na jikinsa ya kai tan biliyan. Wajen wannan ruftawa abubuwa biyu ke matsewa tare da shi. Na farko juyi. Ka duba man gyaɗa ko fetur a cikin mazurari: a sama yana kewayawa a hankali, yana isa maƙogwaron mazurarin sai ya kama wulwulawa. Haka tauraron da a da yake juyawa a sanyaye yake komawa mai juyi sau goma ko talatin a sakan. Na biyu ƙarfin maganaɗisu, wanda a matashiyar fulsa yakan ninka na duniyarmu sau tiriliyan.

Jocelyn Bell ce ta fara ganin alamar irin wannan tauraro a 1967, tana ɗaliba a jami'ar Kambirij ta Ingila. Bugu ne na rediyo da ke dawowa kowane sakan 1.3, ba fashi. Lambar Nobel ta 1974 malaminta Antony Hewish aka ba, ita ba a sa sunanta ba, kuma har yau ana ta maganar. Yanzu an san fulsa sama da 3,000.

Littattafai suna bayyana bugun da misalin fitilar hasumiya da ke yi wa jiragen ruwa jagora. Ɗalibaina ba su taɓa ganin teku ba, don haka nakan ce musu su ɗauka mutum ne ya tsaya a tsakiyar fili cikin dare da tocila yana juyawa. Tocilar ba ta mutuwa, amma kai da ke gefe ba ka ganinta sai ta waiwayo ka. Ga hasken rediyo misalin ya yi daidai, domin rediyon yana fita ne kamar siririn bakin tocila daga saman ƙusurwar maganaɗisun tauraron, ita kuma ƙusurwar ba ta zauna daidai kan sandar juyin ba, ta karkace. Inda na rabu da misalin shi ne wajen hasken gamma. Tocila tana da batirinta, juyin mai riƙe da ita bai ƙara mata komai ba. A fulsa kuwa juyin ne batirin, shi ne ya zana wurin da hasken ke fita, shi ne kuma ya ba hasken siffar da muke gani. Tsayar da juyin, gamma ta ɗauke.

Sai mu faɗi mene ne hasken gamma. Haske ƙwayoyi ne, kowace ƙwaya da nata ƙarfin, ana auna shi da ma'aunin ilektiron-bolt. Ƙwayar hasken da ido ke gani tana da biyu zuwa uku. Ta hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti tana da dubbai gomomi. Wadda fulsa ke harbowa tana da ɗaruruwan miliyoyi zuwa biliyoyi. Zafi kaɗai ba ya haifar da irin wannan. Dole sai an samu wani abu da ya fizgi ilektiron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, ya kai su gab da gudun haske, sannan ya tanƙwara hanyarsu da ƙarfin tsiya.

Masu shekaru irin nawa sun san tsohon keke mai dainamo, ɗan kwalabar ƙarfen nan da ke gogar taya. Maganaɗisu ne a cikinsa. Taya ta juya shi, fitila ta kama. Ka ƙara gudu, fitila ta ƙara haske. Kuma duk wanda ya hau ya san da zarar an jingina dainamo da taya feda takan yi nauyi, domin hasken daga cinyarka ake cire shi. Fulsa dainamo ce da babu irinta. A 1969 Peter Goldreich da William Julian suka nuna cewa lantarkin da juyin ke haifarwa ya fi ƙarfin nauyin tauraron nesa ba kusa ba, har yana yage ƙwayoyi daga fatarsa ya cika kewayensa da su. A wata fulsa da ake kira Ƙaguwa ƙarfin ya haura bolt tiriliyan dubu. Nauyin feda ma yana nan. Ƙaguwa tana juyi sau 30 a sakan, amma kowace rana zagayenta yana ƙara tsawo da kimanin kashi 36 cikin biliyan na sakan. Abin kamar ba komai ba, amma idan aka lissafa da nauyin tauraron, makamashin da take zubarwa ya kai na rana wajen dubu ɗari. Ita wannan Ƙaguwa ragowar fashewar da masana taurari na Sin suka rubuta a shekarar 1054 ce, wadda aka gan ta da rana tsaka na makonni. Tana ɓangaren sama ɗaya da Kaza da 'Ya'yanta, nisan tafiyar haske ta shekara kusan 6,500, sai dai ido ba ya ganinta.

Yanzu mu koma ga majajjawa. Maganaɗisun tauraron yana da zaruruwa da ba a gani, suna fita daga ƙusurwa ɗaya su lanƙwaso su shiga ɗayar. Ƙwayoyin lantarki suna maƙale da su kamar duwatsun carbi a zare, kuma tauraron yana jan zaruruwan gaba ɗaya yana kewayawa da su. Na kusa suna bi cikin sauƙi. Na nesa dole su ƙara gudu don su kammala zagaye tare da shi. Sai a kai wani nisa inda, in dai za a ci gaba da tafiya tare, sai an yi gudun haske, kilomita 300,000 a sakan. Babu abin da ke wuce wannan. Wannan nisan shi ne shingen haske, kuma juyi kaɗai ke yanke inda zai tsaya. A Ƙaguwa yana kilomita 1,600 daga tauraron, ya fi nisan Kano zuwa Legas. A fulsar Bela, mai juyi sau 11 a sakan, ya haura kilomita 4,000. A fulsar da ta fi kowace sauri cikin waɗanda aka sani, mai juyi sau 716 a sakan, bai kai kilomita 70 ba.

Zaren da ya isa shingen ba ya iya lanƙwasowa gida. Yakan buɗe, ya ja baya, ya nannaɗe waje. Masu noman rani sun san siffar: ka riƙe tiyon injin ban-ruwa ka juya da shi, za ka ga ruwan ya yi lanƙwasa kamar katantanwa, alhali kowane ɗigo miƙe yake tafiya. Zaruruwan da suka fito daga ƙusurwar arewa da waɗanda suka fito daga ta kudu suna fuskantar saɓanin juna, kuma a bayan shingen suna haɗuwa a wani siririn faifai inda lantarki ke kwarara da yawa. Da yake ƙusurwar a karkace take, faifan ba ya kwanciya lafiya, yana kaɗawa sama da ƙasa kamar bakin zanen mai rawa.

Shekara kusan arba'in masana suna jayayya a kan inda gamma ke fitowa. Wasu suka ce daga gindi ne, dab da ƙusurwa, inda maganaɗisu ya fi ƙarfi, kuma a ido wannan ya fi kama da gaskiya. Wasu, musamman bayan aikin Cheng da Ho da Ruderman na 1986, suka ce daga sama ne, can kusa da shinge. Rashin shaida ne ya tsawaita gardamar. Har aka sauke tauraron ɗan'adam na Compton, mai auna gamma, a 2000, fulsa masu gamma da aka tabbatar ba su kai goma ba. Sai hukumar NASA ta Amurka ta harba na'urar Fermi ranar 11 ga Yuni, 2008. Kundin Fermi da aka fitar a 2023 yana ɗauke da fulsa masu gamma 294.

Yadda ake karanta hasken ma abin sha'awa ne. Bela ita ce ta fi komai haske a sararin gamma cikin abubuwan da ba sa ɗaukewa, amma duk da haka Fermi ƙwaya ɗaya take kamawa daga gare ta a kusan minti biyu, bayan tauraron ya juya sau dubu da wani abu. Don haka ba a ganin bugun kai tsaye. Abin da ake yi kamar ka zana da'ira a ƙasa ne, duk lokacin da ƙwaya ta iso ka duba inda tauraron ya kai a zagayensa, ka ajiye ƙwayar masara a daidai wurin. Bayan watanni sai ka ga masarar ba ta bazu ko'ina ba. A Bela tudu biyu take yi masu tsini, tsakaninsu ɗan ƙasa da rabin da'ira, da 'yar gada a tsakiya, sauran wurin kusan fayau. Kuma tudun farko ba ya faɗuwa tare da bugun rediyo, yana zuwa bayansa da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na zagaye. Yawancin matasan fulsa haka suke, tudu biyu, a makare. Da daga gindi ɗaya rediyo da gamma suke fita, da tare za su iso.

Shaida ta biyu ta fi wannan kaifi. Kusa da fatar tauraron, maganaɗisu yana da ƙarfin da zai haɗiye ƙwayar gamma mai ƙarfi ya mai da ita tagwaye, ilektiron da kishiyarsa fositiron. Ke nan in daga gindi hasken yake, akwai ƙarfin da ba zai taɓa tsallakowa ba. A 2008 na'urar MAGIC da ke tsibirin La Palma na ƙasar Sifen ta kama bugun Ƙaguwa a ƙarfin da ya haura ilektiron-bolt biliyan 25. A 2011 na'urar VERITAS ta Amurka ta kama shi a sama da biliyan 100. Irin waɗannan ƙwayoyi ba su da hanyar kuɓuta daga gindi. Masu ra'ayin ƙusurwa ba su yi wauta ba, domin tagwayen da ake haifa a can su ne ke cika kewayen tauraron, kuma da su ake danganta rediyon. Amma gamma daga bakin igiya take, kamar yadda ƙarar bulala take fita daga bakinta, ba daga hannun mai riƙe da ita ba.

Saura tambayar da ta fi ba ni wahalar bayyanawa a aji. Idan hasken yana fita ne daga fili mai faɗin dubban kilomita, me ya sa yake isowa a tudu biyu masu tsini? Kamata ya yi ya bazu. Amsar tana cikin abubuwa uku da juyi ke haɗawa.

Ɗaya, zaruruwan a lanƙwashe suke, don haka ƙwayar da ta saki haskenta a ƙasa da wadda ta saki a sama ba waje ɗaya suka nufa ba. Biyu, wurin da ke sakin hasken shi kansa gudu yake yi. Wanda ya taɓa hawa babur cikin ruwan sama ya san ko da ruwan miƙe yake sauka, a fuska yake dukansa, kuma yana ƙara wuta ruwan yana ƙara kwantowa. Haka hasken da aka saki kusa da shinge yake karkata zuwa gaba, wajen da juyin ya nufa, kuma karkatar tana ƙaruwa da nisa. Uku, haske yana ɗaukar lokaci kafin ya ratsa filin, kuma wannan lokacin ba ƙarami ba ne idan aka gwada shi da zagayen tauraron. Daga tauraro zuwa shinge, haske yana cinye kusan kashi ɗaya cikin shida na zagaye, kowace irin fulsa ce kuwa, tunda shingen da zagayen tare suke girma.

A gefen da ke gaba, wajen da juyin ya nufa, abubuwan nan uku suna taruwa su warwatsa hasken, sai ya dushe. A gefen da ke baya kuwa suna cinye juna. Jinkirin da lanƙwasa ta jawo, karkata da gajartar hanya su biya shi, sai hasken da aka saki a wurare daban-daban, a lokuta daban-daban, ya iso gare mu a lokaci guda. Nakan ba da misalin ranar Alhamis a Maigatari. Mai raƙumi daga cikin Nijar ya taso tun jiya, mai amalanke ya taso da asuba, mai babur ya taso da hantsi, na cikin gari ya fito bayan ya karya. Babu wanda ya yi shawara da wani, amma a ƙofar kara sai ka ga cunkoso a sa'a ɗaya. Wanda ke tsaye a ƙofar zai zaci daga wuri ɗaya suka ɓullo. Tudun gamma cunkoso ne irin wannan. Ba wata fitila ce mai tsananin haske a wurin ba. Roger Romani da abokin aikinsa sun nuna haka a 1995, Dyks da Rudak suka faɗaɗa shi a 2003.

Daga 2006, lokacin da Anatoly Spitkovsky ya fara lissafa cikakkiyar siffar maganaɗisun karkatacciyar fulsa a kwamfuta, hankali ya ƙara komawa ga faifan nan da ke bayan shinge. A cikinsa zaruruwa masu saɓani suna tsinkewa su sake ƙulluwa, makamashin da ke cikinsu ya koma gudun ƙwayoyi. Da yake faifan yana kaɗawa, yakan gifta ta gabanmu sau biyu a kowane zagaye, ga tudu biyu ke nan. Ni wannan bayanin ya fi kwanta mini, domin bai buƙaci a ƙirƙiro wani gurbi na musamman ba, faifan dole ne ya wanzu muddin akwai juyi da shinge.

Wannan ya kuma warware wani tsohon ciwon kai. Tun shekarun 1970 ake ganin wani wuri mai hasken gamma a sama, aka neme shi da rediyo aka rasa, har masanan Italiya suka raɗa masa Geminga, wanda a harshen mutanen Milan yake nufin "babu shi". Sai a 1992 aka gano fulsa ce mai juyi sau huɗu da ɗan ɗori a sakan. Siririn bakin tocilarta na rediyo ba ya bi ta kanmu, amma gamma, da yake shimfiɗe take kamar faifai, tana samunmu. Kusan rabin matasan fulsa da Fermi ta gani haka suke, shiru a rediyo. Abin da kowa zai gani ya dogara da abubuwa biyu: yadda maganaɗisun ya karkace daga sandar juyi, da kuma ta inda mai kallo yake hange. Ƙaguwa ma ta fita daban, domin ita rediyonta da gammarta tare suke bugawa, abin da ke nuna manyan bugunta na rediyo ma daga can waje suke.

Shaidar da ta fi burge ni ita ce ta tsofaffin fulsa. Yawanci fulsa tana rage gudu har dainamonta ya kasa, shi ya sa cikin fulsa goma da aka sani kusan ɗaya ce kawai ake gani a gamma. Amma wadda take da tauraro maƙwabci takan ja iskar jikinsa, iskar ta zubo mata a kaikaice ta riƙa ƙara mata juyi, kamar yadda mai kaɗi ke murza mazari, har ta kai ɗaruruwan zagaye a sakan. An gano ta farko a 1982, mai juyi sau 642. Maganaɗisun irin waɗannan ya raunana, ya gaza na matasa wajen sau dubu goma. Da ƙarfin gindi ne ke yanke hukunci, da ba za su yi gamma ba. Sai ga shi kusan rabin kundin Fermi su ne, kuma tudunsu kama yake da na matasa. Dalili shi ne saurin juyi ya jawo shingensu kusa, don haka ƙarfin maganaɗisun da ke bakin shingen ya zo daidai da na matasan.

Ba kuma a miƙe lissafin yake tafiya ba. Idan fulsa ta ninka wata sau ɗari a makamashin juyi, a gamma wajen sau goma kawai take ninka ta. Ƙaguwa, duk da ƙarfinta, abin da take mayarwa gamma bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu ba, sauran yana tafiya cikin iskar da ke haskaka gajimaren da ke kewaye da ita. Bela tana mayar da wajen ɗaya cikin ɗari. Masu matsakaicin shekaru irin Geminga sun fi su tattali.

Gardama ba ta mutu ba, ta koma wani wuri ne. Wasu na cewa hasken daga lanƙwasar hanyar ƙwayoyin yake, wasu na cewa daga wulwulawarsu a kan zare cikin faifai. A 2023 na'urorin H.E.S.S. da ke Namibiya suka kama bugun Bela da ƙarfin da ya kai ilektiron-bolt tiriliyan 20, wanda ya zarce abin da ɓangarorin biyu suka shirya wa. Wannan sai dai ilektiron mai tsananin gudu ya bangaji ƙwayar haske mai rauni ya ɗora mata ƙarfinsa, kuma ana ta lissafin ko a bakin shinge hakan ke faruwa ko can gaba da shi. Ita Bela tana kudu da mu. A daren watan Fabrairu ko Maris wurinta yakan hau kamar kashi ɗaya cikin uku na tsakanin bakin ƙasa da tsakiyar sama.

Akwai wata fulsa a rukunin taurarin da ake kira Cygnus, lambarta J2021+4026, ita ma shiru ce a rediyo. Shekara uku Fermi tana kallonta ba canji. A watan Oktoba na 2011, cikin ƙasa da mako guda, haskenta na gamma ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, siffar tudunta ta sauya, kuma a daidai lokacin saurin rage gudunta ya ƙaru da kashi 4 cikin ɗari. Feda ta ƙara nauyi, fitilar da ke fuskantarmu ta rage haske. Wajen ƙarshen 2014 ta koma yadda take a da, a farkon 2018 kuma ta sake yi.